Kafin ka kai takardar neman aiki, ka fara zaga kasuwa

Iyayenmu da suka yi ƙuruciya a Kaduna lokacin da masaƙu ke aiki ba su sha wahalar neman aiki irin ta yaran yanzu ba. Mutum ya tashi daga Tudun Wada ko Unguwar Shanu, ya haye gada zuwa Kakuri, ya tsaya a bakin ƙofa, idan da rabo a ɗauke shi. Masaƙar KTL ta rufe a 2002, UNTL ta bi bayanta a 2007, wancan zamani kuwa ya tafi da su. Yau ka buɗe kowane zauren WhatsApp da ake tura sanarwar ɗaukar ma'aikata, za ka ga abin da ya fi yawa shi ne neman 'yan talla: banki na neman maketa, dila na neman mai zagayawa da kaya, makaranta na neman wanda zai riƙe mata shafin Facebook. Masu nema kuma ba su da iyaka, don kowace shekara sashen kasuwanci na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da ke Unguwar Rimi da Jami'ar Jihar Kaduna suna yaye ɗalibai, ga waɗanda suka gama a Zariya da Kano suka dawo gida, ga masu hidimar ƙasa da suka ga garin ya yi musu suka zauna.

Ƙanena, ƙanwata, ku fara da sanin irin aikin da ke akwai. Ofisoshin da ake zama a tsara yadda za a tallata kaya ga ƙasa baki ɗaya yawancinsu suna Legas, kaɗan a Abuja. Abin da ke Kaduna aikin ƙafa ne. Akwai zagayawa da kayan masarufi daga ɗakin ajiyar dila zuwa shaguna. Akwai nemo wa banki ko kamfanin inshora ko na fansho kwastoma, da raba na'urar POS, wadda ta cika gari tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023. Akwai nemo wa gidajen rediyo da talabijin talla, Kaduna kuwa gari ne na rediyo tun 1962 da aka buɗe gidan da ya zama Rediyon Tarayya, ga KSMC, ga Nagarta, ga Alheri da DITV, ga Liberty da Freedom. Akwai taki da iri da maganin feshi da abincin kaji, harkar da ta ƙara ƙarfi tun da Olam ta buɗe masana'antarta a hanyar Abuja a 2017. Sai kuma tallan intanet, wanda matasa suka fi so. Duk wanda ya ce ba zai karɓi komai ba sai kujera da na'urar sanyaya ɗaki, zai daɗe a gida. Manajojin yanki da kake gani a motar kamfani, da yawansu a bayan motar kaya suka fara, suna ƙirga katan.

Yanzu ka sa kanka a matsayin wanda zai ɗauke ka. An ba shi Kaduna da Zariya, wani lokaci har Kafanchan, an yanka masa adadin da zai sayar a wata, kowace Litinin kuma ana kiransa daga hedikwata a tambaye shi ina aka kwana. Takardar HND ko digiri ba ta rage masa wannan ciwon kai, don duk waɗanda suka zo gabansa suna da ita. Abin da yake nema shi ne mutumin da ya san inda kaya ke shiga, ya san wanda ke biya da wanda ke riƙe kuɗi. Wannan sani kuwa yana hannunka, kai da aka haifa a Badarawa ko Rigasa, sai dai ba ka taɓa rubuta shi ba.

Shawarar da na fi ba wa muhimmanci ita ce ka sayi ƙaramin littafi, ka zaɓi kaya iri ɗaya, ka zaɓi yanki ɗaya. A ce garin sabulun wanki, ko taliyar yara, ko madarar ƙulli. A ce daga Kawo zuwa Unguwar Dosa da Hayin Banki, ko layukan Rigasa, ko Tudun Wada daga Kasuwar Barci zuwa Unguwar Sanusi. Ka shiga shago 30 ko 40, ka yi tambaya iri ɗaya a kowanne. Wane iri ya fi tafiya? Katan nawa kake ƙararwa a mako? Mota ce ke kawo maka, ko kai ke zuwa Kasuwar Sheikh Gumi ka saro? Kuɗi hannu ne ko ana ba ka bashi, na kwana nawa? Akwai kayan da ka daina ɗauka, me ya sa? Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce mai tsoka, don a nan za ka ji cewa motar wani kamfani ta yi wata biyu ba ta shigo layin ba, ko an rage girman ƙulli mata sun juya masa baya, ko farashin dila ya fi na 'yan sari a kasuwa tsada.

Shiga shagon mutane yana da ladabinsa. Kada ka je da safe lokacin da mata ke aiko yara sayen kayan shayi, kada ka je gab da magariba. Bayan azahar, da rana ta take ciniki ya lafa, mai shago yana zaune yana jin rediyo, lokacin ne zai saurare ka. Ka yi sallama, ka gaishe shi yadda ya dace da shekarunsa, Baba ko Alhaji ko Yaya, ka sayi ko da ruwan leda ne. Littafin ya zauna a aljihu tukuna, domin da zarar ɗan kasuwa ya ga baƙo da biro da takarda, abin da zai faɗo masa a rai shi ne 'yan haraji ko jami'an NAFDAC, daga nan kuwa ba za ka ji komai ba sai "Alhamdu lillahi, kasuwa sai godiya." Ka faɗa masa gaskiya: "Alhaji, karatun kasuwanci na yi, aiki nake nema, ina so in koyi yadda kaya ke tafiya a unguwar nan." Mutanenmu suna son a nemi saninsu. Wani zai jawo maka benci, ya yi maka bayanin da malamin aji bai taɓa yi maka ba. Idan ka fito ka yi nisa kaɗan, sai ka rubuta, da sunan layi da alamar da za ka gane shagon.

Cikin mako biyu za ka tara abin da zai cika shafi biyu in an tace shi. Ka buga shi a kwamfuta da Turanci mai sauƙi: shago nawa ka shiga, nawa ke da kayan kamfanin, nawa ba su da shi, me suka ce, me kake ganin za a yi. Wannan takarda ka haɗa da ta neman aiki ka kai wa dila ko manajan yanki. Kada ka saka sunayen masu shagunan da lambobinsu a ciki. Amana suka ba ka, kuma idan ka miƙa komai a ranar farko, me ya rage da za a ɗauke ka dominsa? Ko da ba kayan masarufi kake nema ba, dabarar ɗaya ce. Mai son aikin gidan rediyo ya saurari tasha ta mako guda ya rubuta masu talla a cikinta, sannan ya lissafo makarantu da asibitoci da masu sayar da filaye a Malali da Unguwar Rimi da ba a jin su. Mai son aikin POS ya ƙirga masu na'ura daga tashar Kawo zuwa Mando, ya ji kukansu a kan matsalar sabis da kuɗin da ake cira.

Takardar CV kanta kada ta wuce shafi ɗaya ga wanda bai daɗe da gama karatu ba. Ka cire dogayen kalmomin yabon kai da ake kwafowa a shagon buga takardu, don kowa ya rubuta cewa shi mai ƙwazo ne mai gaskiya. Ka sa abin da ka taɓa sayarwa da adadinsa. Matasa da yawa suna jin kunyar rubuta cewa sun zauna a rumfar POS, ko sun tsare wa kawu shago a Panteka, ko sun riƙe wa mahaifiya cinikin atamfa da turaren wuta. Wannan kuwa shi ne ainihin abin da ake nema. "Na riƙe shago shekara 2, ina kula da kwastoma kusan 60 masu karɓar kaya bashi, ina tattara kuɗi duk ƙarshen wata" ya fi layi goma na Turancin ado. Sai dai adadin ya zama na gaskiya, don wanda ya daɗe a kasuwa tambaya biyu zai yi maka ya gane ƙari. Ka rubuta harsunan da kake ji. Ka buɗe adireshin imel da sunanka na yanka, ka bar laƙabin da abokai ke kiranka da shi. Lambar da ka bayar ta zama wadda take kunne, idan kuma baƙuwar lamba ta kira, ka amsa da sallama da natsuwa.

Akwai maganar da ba a cika son faɗa ba, amma dole in faɗa. Tun rikicin shekarar 2000 garin nan ya rabu, mutane suka koma zama ɓangare ɓangare, har aka samu matasan da aka haifa a Kawo ba su taɓa taka Sabon Tasha ba, da na Narayi da ba su san hanyar Rigasa ba. Kamfani bai san wannan iyaka ba, kayansa yake so su shiga ko'ina. Wanda zai iya ciniki da Hausa a Tudun Wada da safe, ya haye Barnawa ko Kakuri da yamma ya yi da Turanci ko buroka, ya fi ƙarfin wanda ya tsaya a gefe ɗaya. Idan Turancinka na baki yana da rauni, ka gyara shi tun yanzu, ka samu aboki ku riƙa yi kullum ko da minti 20 ne. Rahoto da Turanci za ka rubuta, taron Litinin da Turanci ake yi.

Masu sha'awar tallan intanet, akwai darussa kyauta a Meta Blueprint da HubSpot Academy da na Google, gwamnatin tarayya ma ta fara shirin 3MTT a 2023. Ku yi su, amma ku sani takardar shaidar da ake saukewa a waya ba ta isa ba. Ka nemi tela ko mai gidan abinci ko mai sayar da kayan yara a unguwarku, ka ce za ka riƙe masa shafi na wata 2, ya saya maka data kawai. Ka zaɓi lokaci mai albarka, kamar daga tsakiyar Sha'aban zuwa ƙaramar Sallah, ko makonnin komawa makaranta a Satumba. Ka ɗauki hoton shafin ranar da ka karɓa, ka riƙa rubuta mutum nawa suka yi magana, nawa suka saya, na nawa. Yawan mabiya ba ya burge ɗan kasuwa, ciniki yake tambaya. Ka lura kuma cewa kwastomominmu da yawa sun fi son saƙon murya da gajeren bidiyo da Hausa a kan dogon rubutu. Wanda ya iya wannan yana da abin da kamfanin talla na Legas ba zai iya yi daga nesa ba. Kafin ka tura wa kowa takarda, ka bi shafukanka ka share zage-zagen siyasa da na ƙwallo. Ana dubawa.

Ina ake jin labarin gurbi? LinkedIn da Jobberman suna da amfani, musamman ga bankuna da manyan kamfanoni, ka buɗe su ka sa Kaduna a wurin bincike. Amma guraben dila ba sa kaiwa intanet. Direban motar kaya da yaran da ke lodi su ne ke fara sanin an sallami wani ko za a ƙara mota, don haka ka saba da su tun kana zagayen shaguna. Sai kasuwar baje koli ta duniya da ƙungiyar KADCCIMA ke shiryawa a filinta na hanyar Zariya, wajen Rigachikun, galibi a farkon shekara. Kamfanoni suna ɗaukar matasa na wucin gadi su tsaya musu a rumfa. Kuɗin ba yawa, amma kwanakin nan manajan da ba ka iya gani a ofis yana tsaye kusa da kai yana kallon yadda kake tarbar mutane. Ka je tun ana kafa rumfuna, kada ka bari sai an buɗe. Batun hanya kuwa, ba zan ce maka babu ita ba. Idan kana da kawu ko malami da zai yi maka magana, ka je ka gaishe shi, ka ba shi takardarka a hannu, ka faɗa masa takamaiman wurin da kake so. "A taimaka mini da aiki ko wane iri" ba ya ba shi abin kamawa.

Ranar intabiyu ka isa da rabin awa a hannu, ka san cunkoson Kawo da na titin Ahmadu Bello ba uzuri ba ne. Kaftani mai guga ko riga da wando masu tsabta duk sun yi, haka hijabi ko mayafi. Sau da yawa za a miƙo maka biro ko robar ruwa a ce ka sayar. Kada ka fara zuba yabon kayan. Ka tambayi mai tambayar: "Ranka ya daɗe, wane iri kake amfani da shi yanzu? Me ke damunka da shi?" Abin da ake gwadawa ke nan, ko ka iya saurare. Idan an tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba amma ga yadda za ka bincika.

Daga nan sai wurin da aka fi cutar yaranmu, wato sharuɗɗan aiki. Murnar samu tana hana mutum tambaya, sai ya yi wata uku ya gane aljihunsa yake ci. Ka tambaya a fili: akwai albashi tsayayye, ko kamasho ne zalla? Nawa ne taget, kuma idan ban cika ba me za a cire? Wa zai biya kuɗin mota da na kira? Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, zirga-zirga ta zama babban kashi na kuɗin da ɗan talla ke kashewa. Ka yi lissafi a takarda: a ce kana kashe naira 2,000 kullum a Keke Napep da bas, kwana 24 a wata, naira 48,000 ke nan. Idan albashin 70,000 ne, wato mafi ƙarancin albashin da doka ta tsayar a Yulin 2024, abin da ya rage maka 22,000 ne kafin ka ci abinci. Ka kuma tambaya wane ne ainihin mai ɗaukarka, don 'yan talla da yawa da ke sanye da rigar banki ma'aikatan wani kamfanin kwangila ne, ba su da haƙƙin ma'aikacin banki. Ba laifi ba ne ka karɓa a haka don ka samu gogewa, amma ka karɓa da sani. Ka nemi takardar ɗauka a rubuce. Dokar Ƙwadago ta ce a bai wa ma'aikaci sharuɗɗansa a rubuce kafin wata 3 su cika.

Sai batun bashi da mai tsaya maka. Idan aikin raba kaya ne, ka ji tun farko: in mai shago ya karɓi kaya ya ƙi biya, a wuyan wa yake? Akwai matasan da aka kai ofishin 'yan sanda, aka kira mahaifi ko yayan da ya sa hannu a takardar tsayawa, a kan bashin da wasu suka ci. Kada ka ba da kaya bashi sai da izinin maigida a rubuce, ko da saƙon waya ne, ka ajiye shi. Kuɗin kamfani kada ya kwana a asusunka, kada ka ranta wa kanka ko sisi da niyyar mayarwa ranar albashi. Duk kuɗin da ka miƙa, ka karɓi rasit. Wanda zai tsaya maka kuma ka karanta masa takardar gaba ɗaya kafin ya sa hannu, haƙƙinsa ne.

Duk wanda ya ce ka biya kuɗin fom, ko na horo, ko ka sayi kayan farko kafin a ba ka aiki, ka tashi ka bar wurin. Haka tarukan da ake tara matasa a ɗaki ana tafi, ana nuna hotunan motoci, ana cewa ka kawo mutum biyu su ma su kawo bibbiyu. Mun ga MMM a 2016, mun ga CBEX a Afrilun 2025. Wanda ya fi shan kunya a irin wannan shi ne ɗan tallan da ya jawo 'yan uwa da abokan sallarsa, masu abin sun gudu, shi yana unguwa ana nuna shi. Ka duba sunan kamfani a shafin hukumar CAC. Idan harkar zuba jari ce, ka duba ko hukumar SEC ta san da su. Idan magani ne ko abin sha, ka ga lambar NAFDAC, kuma kada ka faɗi abin da maganin ba ya yi. Wa'adin aiki yana ƙarewa, kai kuwa a garin za ka ci gaba da zama.

Ƙanwata, ke kina da ƙofar da namiji ba shi da ita. Gidajen da aka rubuta "ba shiga" ke kina shiga, kina zama a Islamiyya da wurin biki da taron adashi, inda ake yanke shawarar sabulun da za a saya da makarantar da za a kai yara. Ki faɗi wannan a intabiyu, ki kawo shi a rubuce kamar yadda na bayyana a sama. Amma ki tsaya a kan iyakarki tun ranar farko. Intabiyu a ofis ake yi, da rana; wanda ya kira ki ɗakin otal ko ya ce ki zo bayan isha'i ba aiki zai ba ki ba. Idan za ki je wurin sabon kwastoma, ki sanar da gida inda kike, ki nemi a haɗa ki da abokiyar aiki. Wurin da aka nuna miki cewa cika taget ya fi mutuncinki, ki ajiye musu aikinsu, ki gaya wa na bayanki kada su faɗa.

Rajista da cibiyar ƙwararrun masu talla ta NIMN, wadda doka ta kafa a 2003, ko da hukumar ARCON da ta maye gurbin APCON a 2022 ga masu harkar tallan kafafen yaɗa labarai, abu ne mai kyau, amma ya jira sai ka fara ɗaukar albashi. Kada ka ci bashi dominsa yanzu.

Bayan intabiyu ka tura gajeren saƙon godiya a ranar. Idan mako guda ya wuce shiru, ka kira sau ɗaya, a lokacin aiki. Idan aka ce an ɗauki wani, ka yi godiya, ka roƙi izinin sake tuntuɓa bayan wata 2, don a aikin talla mutane suna yawan tashi, gurbin da aka cike a Janairu yakan buɗe kafin Afrilu. Kafin lokacin ka ƙara wata unguwa a littafinka, in ka yi Kawo ka koma Kurmin Mashi ko Badiko, ka kai wa manajan sabon shafin da hannunka.